Rasuwar Baba Nomau a Waya

A garinmu akwai wata gidauniya da ake kira Ruwan Sanyi. Aikinta haƙa rijiyoyi a ƙauyukan da mata ke cin doguwar tafiya kafin su ga ruwa, kuma aikin kirki ne, wannan ba mai musu. Amma duk rijiyoyinta ba wadda ta kai kwamitin amintattunta zurfi. Mutum bakwai ne, kujera bakwai, kuma tun da aka kafa ta ba a taɓa ganin wanda ya tashi daga kujerarsa da ƙafafunsa ba. Ba a rubuta wannan doka a ko'ina ba, sai dai ko akuyar unguwa ta san ta: ba a cire mutum, mutum ba ya sauka, sai ranar da aka ɗauke shi a makara. Ka dubi dattijo ka ce masa ya sauka? Ai ka zage shi ke nan, shi da 'ya'yansa da surukansa, kuma sai ka nemi mai amsa maka gaisuwa a masallaci ka rasa.

Mafi tsufa a cikinsu shi ne Baba Nomau, tsohon dillalin shanu, dogo, busasshe, mai baki kamar sabuwar aska. Bai yi boko ba, ba ya kuma ɓoyewa. Abin da yake taƙama da shi, wai in ya buga sandarsa a ƙasa ya san ko akwai ruwa a ƙarƙashi, kuma duk rijiyar da ta ƙafe, in ka tambaye shi, ranar da aka zaɓi wurinta mura yake yi. Sa'o'insa duk sun tafi. Kasuwar shanu ta koma hannun yaran da ba su san shi ba. Abin da ya rage masa a duniya wanda zai sa ya ɗauko babbar riga ya karya hula, kujerar nan ce. Saboda ita ake ba shi layin gaba a taro, saboda ita in motar gidauniya ta shiga ƙauye ake leƙowa ta katanga ana cewa ga Baba mai rijiya nan. In aka raba shi da ita, ya san sauran zaman tabarma ne a ƙofar gida, yana korar ƙuda yana jiran azahar.

Shugaban kwamitin kuwa Alhaji Maikano ne, mai gidajen mai, mutum mai tumbi da wayoyi uku. Shi a ganinsa duk garin ba wanda ya kai shi sanin zamani, hujjarsa kuwa ita ce kullum da ya dawo daga asuba sai ya zauna ya kwashe duk abin da ya kwana a wayarsa ya tura wa kowane guruf da yake ciki. Wa'azi ne, maganin basir ne, hoton fure mai barka da Juma'a ne ko da ranar Talata ce, duk tafiya suke. Ba ya karantawa, don sai da tabarau yake gani, tabarau kuma ya ce tsufar da shi yake.

Ana nan sai masu ba da tallafi na Abuja, waɗanda kusan duk rijiyar da aka haƙa da hannunsu a ciki, suka aiko da sharaɗi. Sun gaji. Gidauniya ba ta da shafi a intanet, ba hoto, ba bidiyo, in sun nemi rahoto sai a ba direban motar haya ya kai musu a ambulan mai warin kifi. Suka ce ba za su ƙara sakin komai ba sai an sa mai ilimin kwamfuta a kwamitin amintattu, cikakken memba mai ƙuri'a, ba ɗan aike ba. Wakiliyarsu, wata Malama Ladidi, za ta zo da kanta ta ga mutumin a zaune a kan kujerarsa.

A taron kwamiti wani ya ce to a ƙara kujera ta takwas mana. Alhaji Maikano ya ce sam, bakwai aka yi rajista da ita, kuma in aka zama takwas ƙuri'a za ta iya yin kunnen doki. Wannan kwamiti, a lura, bai taɓa kaɗa ƙuri'a ba tun da aka kafa shi. Alhaji ke faɗa, a ce madalla, a sha lemo, a watse.

Da Alhaji ya gama bayani, sai idanu suka fara yawo, suka bi bango, suka bi fanka, suka bi kwalaben lemo, daga ƙarshe duk suka sauka wuri ɗaya kamar kaji sun ga tsaba. Baba Nomau ya waiwaya ya ga ko akwai wani a bayansa. Bango ne.

Daga ranar Baba Nomau ya zama majinyaci ba tare da saninsa ba. Mutanen da shekara da shekaru ba su taɓa tambayar ko ya karya ba suka fara sintiri a ƙofar gidansa. Wannan ya zo da zuma, wancan ya zo da kankana, kowa ya zauna sai ya karkata kai ya ce, Baba ya jiki? Ya ce lafiya lau. Su ce Allah ya ƙara sauƙi. Malam Ɗantani, sakataren kwamiti, ya ja shi gefe ya ba shi shawara ta tsakani da Allah, wai matakalar benen ofis ba ta dace da gwiwar dattijo ba. Baba Nomau ya hau ta ya sauko ya sake hawa a gabansa, ya leƙo daga sama ya tambaye shi ko a miƙo masa hannu. Ranar da goro ya sarƙe shi a taro ya yi tari, mutum uku suka yi masa sannu lokaci ɗaya, da irin fuskar manomin da ya ga hadari ya haɗo.

Da zuma ta ƙi aiki sai Alhaji Maikano ya zo da kansa, da turare da sabuwar darduma.

"Baba, girmanka ya wuce zaman kwamiti," in ji shi. "So muke mu ɗaga ka sama, ka zama uban gidauniya. Har allo za a yi maka mai ruwan zinare."

"Uban gidauniya yana da ƙuri'a?"

"Haba Baba, ai uba ya fi ƙarfin ƙuri'a."

"To ku bar ni a ƙasa, Alhaji. Jiri nake ji in an ɗaga ni."

Ya karɓi turaren da dardumar, ya yi godiya, ya raka shi har mota.

Ba wai an rasa masu ilimin ba ne a garin. Da labari ya bazu an samu waɗanda suka nemi kujerar. Akwai wata matashiya da ke kula da shafukan wani asibiti mai zaman kansa, ta zo ta tambayi rijiya nawa ke ba da ruwa a cikin waɗanda aka haƙa, Alhaji ya ce yarinyar nan tambaya ta yi mata yawa, ba za ta yi zaman kwamiti ba. Akwai wani malamin kwamfuta na kwaleji, aka ce ilimi kam akwai, sai dai ba a san iyayensa ba. Aka yi ta tacewa, aka yi ta tacewa, har Allah ya nuna musu wanda ya dace, kuma abin mamaki, ashe yana nan kusa, mijin 'yar Alhaji Maikano ne. Sunansa Sagir, amma Injiniya Sagir yake amsawa. Shagonsa na bakin tasha, inda yake buga katin biki da fostar 'yan takarar kansila, yana cire musu ƙuraje yana ƙara musu haske har matansu su kasa gane su. Yana yawo da jakar kwamfuta a kafaɗa ko masallaci za shi.

Mutum ya samu. Kujera ce dai har yanzu mai ita ke kai, yana cin goro.

Baba Nomau ya zauna ya yi tunani irin na dillali. Ya ce tunda ciwo suke nema masa, bari ya ba su su ƙoshi. Zai ɓace na 'yan kwanaki, a ce yana asibiti, su saki jiki su gama shirya ƙaryarsu, ranar da baƙuwar Abuja ta zo sai ya shigo garau da shi ya ga yadda za su haɗiye ta. Matarsa Iya Gaje ta ce ita ba ruwanta, da furfurarsa da komai, kuma ba za ta yi wa kowa ƙarya ba. Ya ce ba ya buƙatar bakinta, yana da wanzami. Ya tafi aski da sanda yana dogarawa, yana nishi, ya raɗa wa wanzamin cewa Zariya za shi babban asibiti, amma don Allah kada kowa ya ji. Kafin gashin da aka aske ya gama sauka ƙasa, rabin gari ya ji.

Shi kuwa ya shiga mota ya yi ƙauyen wani tsohon abokinsa, inda ake kokawar kaka. Can ba sabis, ko ka hau bishiya. Ya ci gasasshiyar zabuwa, ya sha fura mai nono, ya zauna a layin gaba yana gaya wa 'yan kokawa cewa a zamaninsa da hannu ɗaya zai kayar da su duka.

Abin da ya faru a gari bayan tafiyarsa, Hajiya Tabawa ma'ajin kwamiti ce ta ba shi labari daga baya, tiryan-tiryan, tana yi tana share hawayen dariya. Da Alhaji Maikano ya ji batun Zariya sai ya kira surukinsa. Ya ce ba fata ake yi ba, Allah ya ba Baba lafiya, amma ga baƙuwa tafe, kada abu ya zo musu ba shiri. Ya kamata a ce gidauniya mai ɗan kwamfuta ita ce ta fara fitar da sanarwa, ba a ji a bakin mai shayi ba. Sagir ya ce an gama.

Ya samo wani tsohon hoton Baba Nomau na fasfon aikin hajji, ya zauna a kansa. Ya goge tamoji, ya cike giɓin haƙora, ya faranta gemu, ya sa gajimare a baya da wata rijiya mai walƙiya. Ya rubuta Inna lillahi da manyan baƙaƙe a sama, ya ce an rasu bayan doguwar jinya, za a sanar da lokacin jana'iza. A ƙasa kuma, da baƙaƙen da suka fi sunan mamacin girma, ya sa sunansa da lambar wayarsa. Ya tura wa surukinsa shi kaɗai, da ɗan rubutu a ƙarƙashi cewa a duba a ajiye, kada a tura wa kowa.

Washegari, ranar zuwan baƙuwa, Alhaji Maikano ya dawo daga asuba ya zauna aikinsa na kullum. Ya hango Inna lillahi, ya ce Allahu akbar, wani kuma ya tafi, ya danna ya tura wa duniya, ya shiga ciki cin ƙosai.

Kafin hantsi sanarwar ta dawo masa ta guruf ɗin 'yan kasuwa, ta dawo ta na alhazan unguwa, ta dawo ta na masu gidajen mai, har wani ɗan'uwansa da ke Makka ya turo masa ita da hoton hawaye. Nan ne ya ɗauko tabarau ya ga ashe Baba Nomau ne. Wani zai tsaya ya tambayi kansa daga ina abin ya fito. Alhaji Maikano bai tsaya ba. Ya ce labarin da ya zo ta hanya har huɗu, har da ƙasa mai tsarki, ba zai zama ƙarya ba. Ya kira Sagir ya yaba masa, ya ce yaron nan akwai sauri, ko gawa ba ta iso ba har ya fitar. Sagir ya san gaskiya, amma wa zai dubi surukinsa ya ce masa Baba kai ka yi ɓarna? Balle ga wayarsa tana ta ruri, masu son irin wannan fosta ga nasu mamatan suna ta kira. Ya ce na gode Baba, aikinmu ne.

A daidai wannan lokaci Baba Nomau yana cikin motar haya yana dawowa, cike da zabuwa da jin daɗin dabararsa. Da suka hau kwalta sabis ya dawo, wayoyin fasinjoji suka fara kuka kamar an taka 'yan tsaki. Mutumin da ke gefensa, wani mai sayar da takalma, ya duba tasa ya girgiza kai ya ce duniya ba komai, wani babban dattijo ya rasu a garin da za su. Baba Nomau, da yake ba ya son a yi mutuwa a garinsu bai riga kowa ji ba, ya ce a karanta masa. Mutumin ya karanta.

Ba abin da ya kai mutum ya ji sunansa da na ubansa a bayan Inna lillahi.  Baba Nomau ya sa hannu cikin riga a ɓoye ya taɓa ƙirjinsa. Yana bugawa. Ya ce a nuna masa hoton. Ya ga wani kyakkyawan mutum, fes da shi, haƙora reras, yana murmushi a cikin gajimare. Ya daɗe yana kallo, don rabon da ya ga kansa haka tun kafin a yi kwalta a hanyar.

Ya tambayi mai takalma ko ya san mamacin. Mutumin ya ce ƙwarai kuwa, wa bai san shi ba, sun sha zama tare. Mutumin kirki ne, sai dai an ce akwai baki, kuma duk rijiyar da ya zaɓa sai an sake haƙa wata.

Kafin ya ba shi amsar da ta dace da shi, 'yar ƙaramar wayarsa mai tocila ta yi ƙara. Iya Gaje ce. Ta ce gida ya cika, an shimfiɗa tabarmi har bakin titi, mata na kuka a tsakar gida, wata ma har ta ɗora tukunya. Tun safe take gaya musu mijinta kallon kokawa ya tafi, ba abin da ya same shi, su kuwa sai su dafa kafaɗarta su ce ruɗewa ce, Iya, ki yi haƙuri, a waya muka gani. Ya tambaye ta wa da wa suka zo, wa ya yi kuka da gaske, wa ya tsaya a ƙofa kawai. Ya tambayi Alhaji Maikano. Ta ce ya zo ya yi addu'a a tsaitsaye ya wuce ofis, wai baƙuwar Abuja ta iso, kafin gawa ta zo daga Zariya za su ɗan zauna.

"Malam, ka dawo gida yanzun nan mutane su gan ka, kunya ta ishe ni."

"Ki ba su ruwa su sha. Ina da taro."

Mai takalma, da ya ji komai, ya dubi wayarsa, ya dubi Baba Nomau, ya sake duban wayar. Ya ce, Baba ka yi haƙuri, ba kai ba ne, wannan yana da haƙora.

A tasha Baba Nomau ya ja rawani ya rufe rabin fuska, ya hau keke mai ƙafa uku har ƙofar ofis. Ya hau matakalar nan da aka ce ta fi ƙarfin gwiwarsa, a hankali, ba don gajiya ba, don kada sanda ta yi ƙara. Ƙofar ɗakin taro a buɗe take kaɗan. Ya tsaya ya kasa kunne.

Alhaji Maikano ne ke magana, da murya mai rawa wadda Baba Nomau bai taɓa sanin yana da ita ba. Yana cewa babban bango ya faɗi. Yana cewa shi uba ya rasa, ba abokin aiki ba, kuma bai san yadda zai ƙara shiga ɗakin nan bai ga Baba ba. Daga nan ya share ido ya ce abin da ya sanyaya masa rai shi ne marigayi ya bar wasiyya. Ana jibi zai tafi Zariya ya kira shi, ya riƙe hannunsa, ya ce Maikano, in ta Allah ta kasance, kujerata Sagir za ka ba, yaron nan shi ne gobenmu. Malam Ɗantani ya ce shi ma yana wurin.

Wata murya ta mace, a natse, ta yi musu ta'aziyya. Malama Ladidi ke nan. Ta ce ita tun tana hanya ta ga sanarwar, har abokan aikinta a Abuja sun turo mata, kuma gaskiya wannan ne karo na farko da ta taɓa ganin sunan gidauniyar a waya.

Baba Nomau ya leƙa. Ga Sagir a kan kujerarsa, ta kusa da taga, wadda fanka ke bugawa daidai. Ya buɗe kwamfuta a gabansa, an ajiye masa lemo mai sanyi, har ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Ya kwance rawani, ya tura ƙofa da sanda, ya yi sallama.

Ba wanda ya amsa. Malam Ɗantani ya buɗe baki ya manta yadda ake rufewa. Wani memba da ke kusa da ƙofa ya janye ƙafafunsa ya ɗora a kan kujera, yana motsa leɓe. Alhaji Maikano yana tsaye da hankici a hannu, hawayen da ya matso da ƙyar yana tsakiyar kumatu, ya rasa gaba zai yi ko baya.

"Ba a amsa wa matattu sallama ne a nan?"

Hajiya Tabawa ce ta amsa, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa.

Baba Nomau ya taka har bakin taga. Ƙafar kujerar da Sagir ke kai ya ƙwanƙwasa da sanda, irin yadda yake yi in yana neman ruwa. Injiniya ya miƙe da kwamfutarsa a rungume, wayar caji na jan ƙasa, ya koma jikin bango ya tsaya. Baba Nomau ya zauna, ya gyara riga, ya ɗauki lemon ya kurɓa, ya ce da sanyi kuwa. Sannan ya gaida baƙuwa da kyau, ya tambaye ta hanya da mutanen Abuja, ya ce ta yi haƙuri ya makara, rasuwa aka yi masa.

Alhaji Maikano ya samu muryarsa daga ƙarshe. Ya ce alhamdu lillahi, alhamdu lillahi, wannan rana ta farin ciki ce, su ma a waya suka gani. Baba Nomau ya tambaya wa ya sa a wayar. Alhaji ya juya ya dubi surukinsa da idon da ke cewa yaro, ɗauki wannan kayan. Sagir kuwa, da ya ga kujera ta tafi, bai ga dalilin da zai sa mutunci ma ya bi ta ba. Ya ce shi mutum ɗaya tak ya tura wa, kuma ya rubuta a ajiye. Hajiya Tabawa ta fito daga cikin mayafi ta miƙa wa baƙuwa wayarta, ta nuna mata wanda ya fara sakin sanarwar a guruf ɗin kwamiti da sassafe, tsakanin maganin basir da hoton fure.

Baba Nomau ya ce a bar wannan, shi wasiyyar ce ta fi ba shi sha'awa. Ya roƙi Malam Ɗantani, tunda yana wurin, ya tuna masa da wane hannu ya riƙe Alhaji, don shi abin ya kwanta masa. Malam Ɗantani ya ce shi daga baya ya shigo.

Malama Ladidi mace ce da ta ga kwamitoci iri-iri, amma wannan sai da ta gyara masa tabarau. Ta ce ta yi murna da ganin Baba a raye. Sai dai sharaɗi na nan yadda yake: yau za ta koma da sunan mai ilimin kwamfuta da ke zaune a kwamitin, in babu, tallafin rijiyoyin bana wani gari za shi. Ta juya wurin Baba Nomau ta ce, tunda shi ne babba, kuma a kansa aka gwada aikin, me ya gani game da wannan matashi?

Baba Nomau ya dubi Sagir daga hula har takalmi, kamar yana taya bijimi a kasuwar shanu.

"Ku ɗauke shi, 'yata. Shekara da shekaru muna haƙa rijiya ba wanda ya ji labarinmu. Yaron nan kabari ɗaya ya haƙa, har Makka an ji."

Fuskar Alhaji Maikano ta washe kamar an kawo wuta. Ya cusa hankici a aljihu, ya matso yana murza hannu.

"Madalla da Baba, Allah ya ƙara girma. Ka ji dattako. To sai batun wurin zama, Baba. Ka san kujerun bakwai ne, dole wani ya sadaukar da kansa saboda gidauniya."

Baba Nomau ya ƙarasa lemon, ya ajiye kwalbar, ya jingina da kyau inda fanka ke bugawa.

"Gaskiyarka, Alhaji. Ni dai na riga na mutu mata da safen nan. Saura kai."